Godiya bayan bakwai ɗin Habboba

Jama'a, assalamu alaikum. Jiya da safe aka tashi daga zaman makokin surukata Bayahudiya, aka yaye zannuwan da aka rufe madubai da su, aka mayar da gajerun kujerun nan majami'ar da aka aro su. Rabona da barcin kirki tun daren da aka kwantar da surukata a asibiti, sai daren jiya. Saƙonninku sun taru a waya har na rasa ta inda zan fara, shi ya sa na ce bari in haɗa ku gaba ɗaya a nan, a madadina da maiɗakina da 'yan matanmu uku.

Kun bi abin tun farko, ba sai na maimaita ba. Shekara 94 ta yi a duniya. A Omdurman aka haife ta, zamanin da Yahudawan Sudan ke da majami'arsu a Khartoum, wadda aka gina a 1926. Bayan yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1967 zama ya gagare su, ta fito da 'ya'ya biyu da akwati, ta ƙare rayuwarta a arewacin Landan tana mitar sanyi. Jikokinta ba su san ta da wani suna ba sai Habboba, yadda ake kiran kaka a Sudan.

Ranar da aka fara kai ni gabanta, gumi nake yi cikin hunturu. Ta ƙare mini kallo ta ce daga ina, na ce Kano. Sai ta tafa hannu ta ce, "Fallata!", sunan da ake kiran 'yan Afirka ta Yamma da shi a Sudan. Ta juya harshe zuwa Larabcin Sudan tana ba ni labarin Hausawa masu agashe a kasuwar Omdurman, yadda take tsayawa tana shaƙar hayaƙin nama da ƙuli-ƙuli, ci kuwa babu dama tunda ba yankansu ba ne. Kada in yi mata ƙarya bayan ranta, auren bai yi mata daɗi ba. Shekara biyu tana ce mini "mutumin nan". Haihuwar fari ce ta sauke ta, daga nan kuma ko azumi ya kama ita ke tambayar ƙarfe nawa ake shan ruwa.

Daren huɗu na zaman makoki shi ne ba zan manta ba. A addininsu ba a karanta Kaddish, addu'ar da ɗa ke yi bayan rasuwar mahaifi ko mahaifiya, sai an samu maza Yahudawa goma. Ruwa ake tsugawa, mutum tara ne a falo. Ƙanin maiɗakina na zaune a ƙasa da rigarsa da ya yaga a ƙirji ranar jana'iza, littafi a hannu, ya dubi ƙofa ya dubi agogo. Mu Hausawa biyar ne a wurin, amma ba ma cikin lissafi, kuma mun san haka. Ban taɓa jin ba ni da amfani ba kamar wannan lokacin.

Na san ba ya so a ambace shi, amma sai na faɗa. Alhajin Damagaram mai tasi ya ja ni gefe ya ce, "Wai mutum ɗaya ne kawai ya rage? Ina ake samun sa?" Aka ce akwai wani tsoho a Edgware, shi ma haifaffen Khartoum, sai dai ƙafa ta hana shi sauka daga bene. Alhaji ya ɗauki makulli. Kafin awa guda sai ga shi ya shigo da tsohon nan goye a bayansa, babbar riga ta jiƙe sharkaf, hular tsohon a hannunsa. Ya ajiye shi a kujera, ya fita. Suna tasu addu'ar a falo, mu muka hau sama muka yi isha'i, ina jin kukan surukina ta cikin dabe. Alhaji, Allah ya goya ka ranar da ƙafa ba ta ɗaukar mai ita. Allah ya raya maka zuriya, ya tsare ka a hanya dare da rana, ya sa ka gama da iyayenka lafiya.

Matan ƙungiyarmu, ku yafe mana. Kun kwana kuna suyar waina ba ku san gidan Habboba ba a shiga da girkin waje ba. Ba ku yi fushi ba, kuka juya da kulolin zuwa gidanmu, washegari kuka tafi Golders Green, unguwar Yahudawa, kuka sayo abin da ya halatta musu. Allah ya saka da alheri, ya sa kada tukunyarku ta taɓa yin sanyi. Ma'aikaciyar jinya 'yar Gana da ta riƙe wa Habboba hannu da asuba kafin mu iso, da matan majami'a da suka yi mata wanka da likkafani, da malaminsu da ya miƙo mini shebur a makabarta ya ce ni ma in zuba ƙasa, duk mun gode. Yahudawan Ingila idan sun zo gaisuwa tsawon rai suke yi wa mai makoki fata, ku kuma kuna cewa ya haƙuri. Maiɗakina ta amsa duka biyun har murya ta dishe.

Dangin Habboba na Geneva sun aiko da furanni, alhali su suka fi ni sanin ba a kai fure makokin Bayahude. To, an gani. Nawa dangin kuma da suka zo Landan ganin likita suka yi wata guda a ɗakin baƙinta, tana dafa musu shayi da na'ana'a, har yau ina duba waya. Wataƙila kati ne ya ƙare.

Za a yi addu'ar kwana talatin a majami'arsu, zan sanar da rana. Masu kuloli, akwai guda shida a gidanmu babu suna a jiki, ɗaya ja ce marar murfi. Ku zo ku ɗauka bayan la'asar.