Dunƙule da tukunyarsa ta daban

A yawancin gidajenmu na Birnin Kebbi kare ba shi da tukunya. Abin da ya saura a kwano shi ne rabonsa: ƙanzon tuwo, guntun miya, ƙashin da aka gama tsotsa. Karnukan gadi da na farauta da yawa haka suke rayuwa, har mutum ya ɗauka cikin kare ba ya ƙin komai. Nawa dai ya ƙi. Ƙaramin kare ne mai gashi buzu-buzu, jinin irin da ake kira Lhasa, nauyinsa kilo 6 idan yana cikin lafiya. Wani abokin aikina da aka mayar wata jiha ya bar mini shi, ni kuma na karɓa saboda kaji da ragunan da nake kiwo a bayan gida, don duk ƙanƙantarsa ko kyanwa ba ta haura katanga bai tashi gidan da haushi ba. Yara suka sa masa Dunƙule.

Zawo ne yake damunsa, irin mai tafiya ya dawo. Yau lafiya lau, jibi a wayi gari kashinsa ruwa-ruwa har da majina, cikinsa na ƙugi kana jiyowa daga ɗaki, da asuba kuma ya amayar da kumfa rawaya. Ya rame, gashinsa ya dushe. Shawara kuwa ta zo ta ko'ina, wannan ya ce Flagyl, wancan ya ce a jiƙa masa kanwa. Na ɗauke shi sai asibitin dabbobi.

Likitan ya ce zawon da ya haura mako uku ya wuce ɓacin ciki na yau da kullum, kuma kafin a zargi abinci sai an kawar da zancen tsutsar ciki da ƙwayar Giardia da cututtukan da kaska ke sa wa kare. An duba kashinsa, an ɗibi jini, an ba shi maganin tsutsa. Sauƙin da ya samu bai daɗe ba. Da muka koma sai ya tambaye ni, “Malam, mi shika ci a gida?” Na lissafo masa: tuwon shinkafa da miyar kuka, dafa-duka, wani lokaci fura da nono, da duk abin da yara suka jefa masa. Ya girgiza kai ya ce, “To daga yau a raba masa tukunya.”

Abin da ke sa miyarmu daɗi shi ne ke wahalar da kare. Albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jininsa, ɗanye ko dafaffe, kuma kare mai kilo 6 ba sai ya ci da yawa ba. Barkono da tarugu suna ƙona hanjin da dama can a kumbure yake. Manja da man gyaɗa da kitse suna iya tayar da kumburin wata gaɓa ta cikin ciki mai taimakawa wajen narkar da abinci, wadda likitoci ke kira fankiriyas, ciwon da ƙananan karnuka suka fi saurin kamuwa da shi. Dafaffen ƙashi yana tsagewa ya yi tsini a ciki. Goro, cakulan da inabi kuwa guba ne gare shi kai tsaye.

Tsarin da aka ɗora mu a kai ba shi da wuyar fahimta: nama iri ɗaya wanda bai saba ci ba, hatsi iri ɗaya, ba gishirin miya, ba dunƙulen magi, ba wani ƙari ko loma ɗaya. A nan Kabi ta yi mana rana. Shinkafa ’yar gida tana ko'ina, kifi kuma ga Argungu ga Yawuri. Likita ya zaɓi karfasa saboda ba ta da maiƙo irin na tarwaɗa. Ina dafa ta da ruwa zalla har ta nuna sosai, in tsame ta ta huce, sannan in zauna da faranti ina marmasa tsokar tsakanin yatsuna, ƙwara-ƙwara, don ƙananan ƙayoyin nan na gefen ciki ido ba ya ganinsu, yatsa ne ke jin su. Ruwan kifin in tace shi da rariya in dafa shinkafar a ciki, in bar ta ta yi luguf fiye da yadda mutum zai so. Kabewa kuma a turara ta a dama.

Na sayi ɗan sikelin kicin, kuma shi ne abin da ya fi yi mini amfani. A yini Dunƙule yana cin dafaffiyar shinkafa giram 150, tsokar kifi giram 120, kabewa giram 40. Wannan ya kai kusan kalori 400 idan an haɗa da ɗan man da ya shigo daga baya, daidai bukatar kare mai nauyinsa wanda ba ya aikin ƙarfi. Ina raba shi kashi huɗu, na ƙarshen bayan sallar isha'i. Tun da na fara ba shi na daren nan aman asuba ya ɗauke, ashe daɗewar da cikin ke yi ba komai ne ke kawo shi. Cikin mako na biyu kashinsa ya haɗu, ana iya kwashe shi da cebur bai bar tabo a ƙasa ba. Wanda bai taɓa wanke tsakar gida kullum safiya saboda zawon dabba ba ba zai gane irin farin cikin da na yi ba.

Sai da ciki ya zauna sosai muka fara gwaji, abu ɗaya a lokaci guda, a jira kamar mako biyu kafin a ƙara wani. Dafaffen ƙwai ya karɓe shi. Tsokar kaza marar fata ma haka. Naman shanu ya dawo da zawon, nono ma ya dawo da shi, kuma likita ya ce waɗannan biyun suna cikin abubuwan da suka fi tayar wa karnuka da ciki. Ina rubuta komai a wani tsohon littafin makarantar yara: abin da ya ci, da yadda kashinsa ya fito.

Akwai wurin da nake so mai karatu ya tsaya da kyau. Shinkafa da kifi magani ne na ɗan lokaci, ba cikakken abinci ba ne. Kare zai yi kyau a ido wata da watanni alhali ƙashinsa na zubewa a hankali, domin tsoka da hatsi kusan ba su da kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi. A 2013 masana a Jami'ar Kaliforniya da ke Davis a Amurka sun auna tsarin girkin abincin kare na gida har 200 da suka tattaro daga littattafai da intanet, suka tarar kashi 95 cikin ɗari sun gaza a aƙalla sinadari ɗaya da jiki ke bukata. Shi ya sa ba na yarda da duk wani haɗi da aka turo mini a waya sai likita ya gani.

Kalsiyam ɗinmu daga ɓawon ƙwai yake fitowa. Ina tafasa ɓawon, in shanya a rana ya bushe ƙarau, in daka a ƙaramin turmi in tankaɗe har ya yi laushi kamar garin ɗanwake, don gutsuren da bai daku ba yana iya kartar hanji. Rubu'in ƙaramin cokali a yini ya ishe shi. Ana ƙara rabin ƙaramin cokali na man waken suya, ɗan yankin hantar kaza da bai fi kan babban yatsa ba sau biyu ko uku a mako, da garin bitamin na karnuka da likita ya rubuta don cike gurbin zinki da ayodin da sauransu. Hanta kada a zarce da ita, yawanta na kawo zawo, kuma bitamin A da ke cikinta yana taruwa a jiki.

Girkin bai ba ni wahala kamar mutanen gida ba. Inna ba ta iya cin abinci dabba na kallonta ba ta gutsura mata ba. Ta ce mini, “Ɗan nan, kai ko tausayi ba ka ji? Bakin Allah ne fa.” Na ce, “Inna, tausayin ne ya sa na hana.” Ba ta gamsu ba sai da babbar sallah ta zo. Ranar suyar layya ’ya’yan baƙi suka yi ta jefa masa kitse, da dare ya kama amai, ya miƙe ƙafafun gaba ƙirji a ƙasa ƙugu a sama, ko taɓa cikinsa aka yi sai ya yi ƙara. Sai da aka yi masa ƙarin ruwa. Tun daga ranar Inna ce mai tsaron kwanonsa. Na ware ’yan gutsattsarin dafaffen dankalin Hausa a wani kofi, duk yaron da ke son ba shi wani abu daga nan zai ɗauka.

Zafin Maris da Afrilu, da rana ke haura digiri 40 a nan, yana lalata dafaffen kifi cikin ’yan awoyi, wutar lantarki kuma ba abin dogaro ba ce. Don haka a bazara kullum nake dafawa da safe, kason yamma in sake tafasa shi ya huce. Abin da ya bari a kwano ba ya kwana. Ruwan shansa wanda muke sha ne, kuma ba ya shan na kwatami ko na kaskon kaji.

Duk wata ina ɗaukarsa mu hau sikeli tare, in sauke shi in sake hawa, in cire. Idan ya ragu ina ƙara shinkafa kaɗan, idan ya ci gaba da raguwa mu koma asibiti. Wannan awon na kare baligi ne; kwikwiyo mai girma da karya mai ciki ko mai shayarwa lissafinsu daban ne, kuma kuskuren kalsiyam a kan kwikwiyo yana lanƙwasa ƙafa. Jini a kashi, kashi baƙi wuluk, amai babu tsayawa, dasashi fari, ko kare ya yini bai sha ruwa ba, waɗannan ba na tukunya ba ne, na likita ne a ranar. Kuma kada a ba kare farasitamol ko ibufurofen na mutane, ƙwaya ɗaya tana iya yi wa ƙaramin kare mummunar illa.