Ƙaramin Kal'atul Hisn da nake ginawa: sati na bakwai

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon haɗa ƙananan gine-gine. Kun ji ni shiru kwana biyu. Dalili kuwa shi ne na rushe kusan rabin aikin da na yi a wata guda, na koma tun daga tushe, kuma ina so in faɗa muku abin da ya jawo haka kafin wani ya bi sawuna.

Ga waɗanda ba su ga rahoton farko ba, ginin da na zaɓa shi ne Kal'atul Hisn da ke Siriya, wanda Turawa ke kira Krak des Chevaliers. Yana kan wani tsauni mai tsawon kusan mita 650, yamma da birnin Hims, yana kallon mashigar da ta haɗa cikin ƙasa da bakin teku wajen Tarabulus ta Lebanon. Sarkin Halab ne ya fara kafa sansani a wurin a 1031, ya zuba sojojin Kurdawa, shi ya sa aka daɗe ana ce masa Hisnul Akrad. 'Yan Salibiyya suka karɓe shi a 1110, sannan a 1142 aka danƙa shi ga ƙungiyar mayaƙan nan da Larabawa ke kira Isbitariyya. Su ne suka gina mafi yawan abin da ake gani yau.

Kuskurena shi ne na fara da katanga. Na yanka kwali, na naɗe hasumiyoyi goma sha wani abu, na jera su a kan shimfiɗaɗɗen falanki kamar ana jera kofuna a faranti, da niyyar daga baya in cusa tsaunin a ƙarƙashi. Da na zo cusa shi sai komai ya ƙi zama. Hasumiyoyin kudu suka yi kamar an dasa su ba gaira ba dalili, katangar ciki da ta waje suka tsaya kafaɗa ɗaya, alhali a hotuna ta ciki tana leƙo ta waje ne daga sama. Na zauna da taswirar wurin dare biyu kafin na gane cewa tsaunin ne ya tsara ginin. Gabas, yamma da arewa gangara ce mai tsanani, maƙiyi ba zai hau da kayan yaƙi cikin sauƙi ba. Ta kudu kuwa tsaunin a haɗe yake da tudun da ke maƙwabtaka da shi, ƙasa kusan a miƙe. Nan ne rauni, nan magina suka juye duk ƙarfinsu.

Saboda haka a wannan karon tsauni na fara yi. Na samo farin soson nan da ake tallafe firiji da shi a cikin kwali, na jera shi hawa-hawa, na sassaƙe da reza, na lulluɓe da tsohuwar jarida da kullun sitaci har sau uku. Na bar gefen kudu da faɗi, sauran ukun na zabge su sosai. Ko hasumiya ɗaya ban ɗora ba sai da ya bushe ƙarau.

Abin da ya ci mini sati guda cur shi ne jinginannen bangon kudu. Bayan girgizar ƙasa ta 1170 da ta 1202 an yi wa sansanin gyara babba, kuma a farkon ƙarni na 13 ne aka kewaye shi da katangar waje, aka kuma yi wa ginin ciki wani ƙaton siket na sassaƙaƙƙen dutse da ke gangarowa daga jikin manyan hasumiyoyi uku har ƙasa. Amfaninsa a fili yake: mai haƙa rami don ya kayar da bango sai ya huda dutse mai kaurin gaske kafin ya kai tushe, tsani ba ya samun wurin tsayawa, ginin kuma yana samun madogara idan ƙasa ta motsa. Wanda ya taɓa tsayawa gindin badalar Kano ya ga yadda ƙasanta ya fi samanta kauri zai gane dabarar nan take. Abin da ya ba ni wahala shi ne yadda hasumiyoyin zagayayyu suke fitowa daga cikin gangaren kamar sun tsiro ne, babu wani layi da za ka ce nan bango ya ƙare, nan hasumiya ta fara. Kwali ba ya yin wannan. Na koma yumɓu.

Yumɓun farko ya tsattsage kafin gari ya waye, don iskar hunturu ta zuƙe shi da sauri. Na biyu na cakuɗa shi da tankaɗaɗɗen yashi da zaren buhu da na tsittsinka, na shafa shi siriri-siriri, na rufe da jiƙaƙƙen tsumma kwana biyu a ɗaki. Bai tsage ba. Layukan duwatsu kuma da bayan allura na zana su tun yana ɗanye, kuma shawarata ku zana na kwance tukuna, daga ƙasa zuwa sama, don idan kuka fara da na tsaye hannu zai karkace ba ku sani ba. A gindin gangaren na bar gurbin tafkin da ke tsakanin katangu biyun, wanda ake kawo masa ruwa ta wata doguwar magudana daga waje. Ruwan sha ne ga dabbobi, gwalalo ne kuma ga maƙiyi.

Ina cikin wannan shafe-shafen ne tarihin ya zauna mini daram. Nuruddin Zangi, mai mulkin Halab da Dimashƙa, ya zo da yaƙi a 1163 bai ci wurin ba. Salahuddin Ayyubi ya yi zango kusa da shi a 1188, ya duba, ya wuce. Da Sarki Baibaras na Mamalik, masu mulkin Masar a lokacin, ya iso a watan Maris na 1271, ta kudun nan ya kafa majaujawarsa, mahaƙansa suka rusa hasumiya ɗaya ta katangar waje. Amma ginin ciki bai faɗi da ƙarfi ba. Masana tarihi sun ruwaito cewa wasiƙar jabu aka aika wa mayaƙan da sunan shugabansu, tana ba su izinin miƙa wuya, suka fita ranar 8 ga Afrilu da alkawarin ba za a taɓa su ba. A lokacin da sansanin ke tashensa yana ɗaukar mutum kusan 2,000, amma zuwa wannan shekarar 'yan kaɗan ne suka rage a ciki.

Wannan ya tilasta mini yanke shawarar wace shekara nake ginawa. Katafariyar hasumiyar nan mai kusurwa huɗu da ke tsakiyar katangar kudu ta waje aikin Sarki Kalawun na Mamalik ne a 1285, ita ma majami'ar ciki an mai da ita masallaci bayan Baibaras ya karɓi wurin. Na zaɓi in gina shi yadda ya kasance bayan Mamalik sun gama gyaransu, domin wannan surar ce UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2006, kuma ita ce hotuna suka fi nunawa. Wanda ke son na kafin 1271 sai ya cire wannan hasumiyar.

Saura mashiga. Daga ƙofar gabas hanya ce rufaffiya mai hawa a hankali yadda doki zai iya bi, ta miƙe, ta yi kwana mai kaifi ta juyo, da ramuka a rufinta inda masu tsaro ke sako abin da suka ga dama. Tunda a rufe take, idan na gina ta yadda take ba mai ganin cikinta. Ina tunanin yin rufin da za a iya ɗagawa, amma kwalin da na gwada yana lanƙwashewa da zarar fenti ya taɓa shi. Wanda ya taɓa yin murfi irin wannan da siririn katako ko roba, don Allah ya faɗa mini kaurin da ya yi amfani da shi da irin gam ɗin da ya riƙe masa.