Idan silo ya rikice bayan an ɗaga manifol

Motar da ta zo mini tana rawar inji jim kaɗan bayan an ɗaga mata manifol, wato bututun da ke rarraba iska zuwa cikin inji, ba na fara tuhumar filogi ko nozul ko famfon mai. Abin da nake fara tambaya shi ne: wa ya buɗe, me ya cire, me ya mayar? Galibi inji ne ke shan iska ta ɓarauniyar hanya, kuma hanyar tana nan inda hannu ya taɓa.

A nan Jidda aikin ya fi zuwa mini daga 'yan uwanmu direbobi masu zirga-zirga tsakanin Jidda da Makka, masu tsofaffin GMC Yukon da Chevrolet Suburban. A injin 5.3 na motocin 2000 zuwa 2006, na'urori biyu masu jin ƙwanƙwasar inji suna kwance ne a ƙarƙashin manifol, wanda makanikan nan ke kira tallaja. Ba yadda za a yi a canza su sai an ɗaga shi gaba ɗaya. Ana ɗagawa, ana mayarwa, sai mota ta dawo da sabon ciwo: silo, wato gudun inji ba tare da an taka totur ba, ya hau ya sauka, ta nemi mutuwa a danja, fitilar inji ta kama.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. A silo ƙofar totur kusan a rufe take, fistin kuwa yana ta zuƙa, don haka cikin manifol akwai jan iska mai ƙarfi. Kwamfutar mota tana auna iskar da ta bi ta na'urar da ke bayan matatar iska, ta ba da mai daidai da ita, wajen kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur. Duk iskar da ta kutso ta gefen gasket ba ta cikin wannan lissafi. Mai ya yi kaɗan ke nan, sai kwamfuta ta shiga ƙari tana ciko, har ta kai iyakarta ta rubuta lambar matsala P0171, ko ta haɗa da P0174 idan inji mai ɓangare biyu ne. Wani lokaci P0507 ke biyo baya saboda silo ya wuce ƙima, ko P0300 idan wuta ta fara tsallake. A motocin da suka dogara da na'urar auna matsi kaɗai, alamar ta fi fitowa a hawan silo, ba a ƙarancin mai ba.

Gwajin da na fi yarda da shi ba ya buƙatar kwance ko noti ɗaya. Ka jona na'urar sikanin a soket ɗin OBD da ke ƙarƙashin sitiyari, ko da irin ƙaramar nan ce mai haɗuwa da waya. Ka bar inji ya yi zafi, ka kashe na'urar sanyaya mota, ka duba lambobi biyu, STFT da LTFT. Su ne ke nuna yawan man da kwamfuta ke ƙarawa ko ragewa. Idan jimillarsu ta haura kashi 10 cikin ɗari a silo, akwai magana. Sai ka taka totur ka riƙe inji a juyi 2,500 a minti. In lambar ta sauko ta nufi sifili, iska ce ke shiga, domin da ƙofar totur ta buɗe, 'yar iskar satar ta zama ba komai a cikin mai yawan da ke shigowa ta hanya. In kuwa lambar ƙaruwa ta yi da hawan inji, to ka saki manifol ka koma kan famfon mai, matatar mai, ko na'urar auna iska da ta yi datti. Wannan bambancin kaɗai ya isa ya hana mutum zuwa tashlihin Biriman, kasuwar kayan tsofaffin motoci ta Jidda, neman kayan da motarsa ba ta buƙata.

Wani dattijo ya kawo mini Yukon ɗinsa da kwalin famfon mai a kujerar baya. A wani gareji an canza masa na'urorin ƙarƙashin manifol, da mota ta rikice aka ce famfo ne, aka saka sabo, ba ta daina ba. Na nuna masa allon na'ura na ce, "Alhaji, duba nan. A silo tana roƙon ƙarin mai, da na taka ta daina. Famfon da ya gaji ba ya haka." Ya gyara zaman hularsa ya ce, "To Malam, ni dai a duba mini tsakani da Allah." Muka kashe inji, muka toshe bakin shigar iska, muka hura hayaƙi cikin manifol da injin hayaƙi. Yaron da ke koyon aiki a wajena ya leƙa da tocila ta bayan inji, can kusa da bangon da ya raba inji da cikin mota, sai ya ɗaga murya: "Kawu, ga shi nan yana fita!" Siririn zare ne na hayaƙi daga ƙasan ramin iska na ƙarshe na manifol. Da muka ɗaga manifol, tsohon gasket ne aka mayar, robarsa ta lotse ta yi sanƙarau, ga ƙurar yashi maƙale a fuskar da ya zauna.

Kan maganar gasket ba na sassauci. Wanda ya sha zafin inji shekara da shekaru, ya haɗa da zafin bazarar Jidda da ke haura digiri 40, idan aka ɗaga shi ba ya komawa yadda yake. Shafa masa gam ɗin silikon ma ba gyara ba ne, kuma irin gasket na roba da ke kan manifol na leda an yi shi ne ya zauna a bushe. Haka ɗauri. Notunan manifol na 5.3 zagaye biyu ake yi musu da spanar awo, na farko Nm 5, na biyu Nm 10 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne), ana farawa daga tsakiya ana fita waje bisa tsari. Nm 10 ba wani ƙarfi ba ne, amma sai ka ga yaro ya sa dogon hannu ya danna har leda ta lanƙwashe ko ta tsage, shi a ganinsa ƙwazo ya yi.

Ba kullum gasket ba ne. Ka bi duk tiyon da aka zare ɗaya bayan ɗaya: na PCV mai kwaso tururin mai daga murfin inji, na bawul ɗin tururin tanki, da babban tiyon da ke zuwa tukunyar birki a motocin da ke da ita. Na birkin yana da tasa shaidar, feda ta yi tauri ko ka ji huci idan ka taka. Ka matse kowane tiyo a hankali da filaya mai laushin baki, in silo ya daidaita ka kama ɓarawo. Zoben roba na bakin nozul ma yana yagewa wajen mayarwa idan ba a shafa masa ɗan mai ba, haka robar da na'urar auna matsi ke zama a ciki.

Fesa maganin wanke kabireta a gefen manifol a saurari canjin murya, tsohuwar dabara ce kuma tana aiki, amma ni na rage yin ta. Abu ne mai kama wuta, kana fesa shi kusa da inji mai zafi da wayoyin filogi. Ga shi kwamfutar motocin yanzu tana gyara silo da sauri har kunne bai kama komai ba. In dole ne, ka yi da sanyin inji, abin kashe gobara a kusa, idonka kan STFT: za ka ga ta faɗi da zarar feshin ya sami ramin. Ruwa a kwalbar feshi ya fi aminci. Sanyin injin ma yana da wani amfani, don akwai yoyon da ke bayyana da asuba kawai, da ƙarfe ya ɗumama ya kumbura sai yoyon ya toshe kansa.

Masu agogon auna jan iska su tuna inda suke tsaye. A Jidda, bakin teku, lafiyayyen inji yana nuna inci 17 zuwa 21 a silo, allura tsaye cak. Ka hau da motar nan Ɗa'if, mai tsayin wajen mita 1,800, za ta ragu da kusan inci 5 ko 6 ba tare da wani lahani ba, don kowane mita 300 na cin kusan inci 1.

Bayan an toshe yoyon, kar a yi saurin yanke hukunci idan silo bai zauna nan take ba. Kwamfuta ta saba da ƙarin mai, kuma in an wanke ƙofar totur mai aiki da lantarki, sai ta sake koyon matsayinta. A goge lambobin matsalar da ta rubuta, a yi tafiya mai ɗan nisa da tsaye-tsaye a cikinta, sannan a sake jona na'ura a ga LTFT ta zauna kusa da sifili kafin a miƙa wa mai mota makulli.