Tambarin da ke jikin kwali

Ranar Alhamis da ta wuce na miƙa makullan sito da littafin karɓar kaya, bayan shekara 6 ina shagon. Abokan aiki sun yi ta tambayata ko maganar na'urorin sanyaya ɗaki, wato kilim, na asibitin nan ce ta kore ni. Ba ita kaɗai ba ce, amma in na ce ta bar raina na yi ƙarya.

Kun tuna ranar da kayan suka iso. Kilim 14 ne, an ɗauko su daga Kano, suka shigo ta Jibiya da Ɗan Issa. Kowane kwali da tambarin CE a gefensa, ga ISO 9001 an buga da manyan baƙaƙe, ga kuma kwafin wata takarda mai hatimi ruwan zinariya da dillalin ya haɗo da su. Alhaji mai shagon na tsaye a bakin ƙofa, ya ce, "Malam, duba ka sa hannu, mai mota na jira." Na buɗe uku, na ga babu lotsawa, gas ɗinsu bai zube ba, bututu da rimot sun cika. Na sake kallon hatimin, zuciyata ta kwanta, na sa hannu. Duk abin bai kai minti 20 ba.

Cikin Fabrairu muka kafa su, sanyin hunturu bai gama tafiya ba, kowanne ya tashi lafiya. Sai da bazara ta kama gadan-gadan a Afrilu waya ta fara shigowa. Daga azahar zuwa bayan la'asar kwamfireso, wato injin da ke matsa gas, yakan yanke, fanka ta ci gaba da hura iska mai ɗumi, can da yamma ya dawo da kansa. Da na shiga ɗakin masu haihuwa na tarar da wata tsohuwa zaune bakin gado tana yi wa jikanta fifita da murfin kwali, jaririn ya yi jajir, uwar ta jiƙe sharkaf da gumi. Tsohuwar ta ɗago ta ce, "Ɗana, kai ne mai gyaran? Allah Ya ba ka sa'a." Ba ta san ni na kawo shi ba.

Kwana biyu ina bin abin da kowa zai fara bi. Na auna gas, daidai. Na zargi ƙarancin wuta, na sa istabilaiza. Na wanke ƙurar da ta toshe haƙarƙarin injin waje. A rana ta uku ina tsugune a kan dakin, wato rufin kankare, siminti na ƙona tafin ƙafata ta cikin takalmi, ma'aunina na nuna digiri 49 a gefen injin, na sa babban yatsa na goge ɗan allon ƙarfen da ke jikinsa don in karanta yawan wutar da yake ja. A layin ƙasa na ga T1. Nan take gwiwata ta yi sanyi, domin na san ma'anarsa, tun a makaranta aka koya mana.

Ga yaran shago da ba su riski bayanin ba: kilim ba ya ƙera sanyi. Injin kwashe zafi ne, irin wanda Turawa ke ɗumama gidajensu da shi lokacin sanyi, sai dai namu daga ɗaki yake kwasowa ya zubar waje. Iya zafin waje, iya wahalar zubarwar. Matsin gas ya yi ta hawa har na'urar kariya ta kashe kwamfireso kafin ya ƙone. Shi ya sa ƙa'idar ISO 5151 ta raba su aji-aji. Ana gwada ƙarfin T1 ne a digiri 35 na waje, iyakar da ake bukatar ya jure kuwa 43 ce. T3 ana gwada shi a 46, kuma dole ya ci gaba da aiki har 52. Shi ake kai wa Saudiyya da maƙwabtanta. A Maradi, inda inuwa ma ke wuce 40 a watan Afrilu da Mayu, ɗora T1 a kan dakin cikin tsakar rana zalunci ne ga injin da wanda ya saye shi.

A daren na zauna da wayata na bi takardun ɗaya bayan ɗaya, abin da ya kamata in yi tun ranar da mai mota ke jira. ISO 9001 shaida ce a kan yadda masana'anta ke tsara aikinta da ajiye bayananta, ba ta ce uffan ba game da sanyin da wannan injin zai bayar. CE kuma, a irin waɗannan kaya, yawanci mai ƙerawa ne da kansa yake shelanta cewa ya cika sharuɗɗan Tarayyar Turai. Shaidar da ke magana a kan aikin injin daban take: Eurovent da ke Paris, AHRI ta Amurka, da Keymark da Turai ta tanadar wa injinan kwashe zafi. Su ana ɗaukar samfuri a kai ɗakin gwajin da ba na kamfanin ba, a auna a ga ko abin da aka rubuta gaskiya ne, a kuma riƙa maimaitawa. Lambar duk injin da ya ci jarrabawa tana shafinsu na intanet, kowa na iya dubawa kyauta. Na rubuta lambar namu, babu ita ko'ina. Wani abin da na ƙara ganewa a daren, ko da na same ta, da sauran aiki. Injin ɗumama gida na Turai ana auna shi ne iskar waje tana digiri 7. Takarda na iya zama ta gaskiya tsaf, amma tambayar wata ƙasa take amsawa.

Washegari na faɗa wa Alhaji komai, ban ɓoye nawa ba. Ya yi shiru, ya ce mu je wurin likita. A ofishin likitan ya zaro littafin karɓar kaya daga aljihun babbar riga, ya buɗe daidai shafin, ya ɗora yatsa a kan sa hannuna. "Likita, ni ɗan kasuwa ne, ban san ƙarfe ba. Ga wanda nake biya don ya sani." Na ce, "Ranka ya daɗe, nawa laifin na amsa, amma..." Ya ɗaga mini hannu, ya ce ba a gaban baƙo ba. Wata 5 ana yankar albashina.

Da iyakarta ke nan da na haƙura, tun da hannun nawa ne. Bayan Babbar Salla ne, ina neman wata rasit a buro, na ci karo da takardar farashin dillalin. Layi biyu ne a ciki, T1 da T3, kowanne da kuɗinsa, an kewaye mai arahar da jan biro. Hannun da ya kewaye na san shi. Ashe ya ga bambancin tun kafin kaya su bar Kano, bai tambaye ni ba, da ta ɓaci kuma ya rataya mini jakar tsaba. Ban taɓa yi masa maganar ba, har ranar da na miƙa makulli. Mutum ne da ya yi mini alheri lokacin aurena, ban manta ba, kuma wannan ma ban manta ba.

Asibitin mun gyara abin da ke gyaruwa. Muka sauko da injinan waje daga dakin zuwa bangon da ke samun inuwa, muka yi musu rumfar da ba ta tare iska, aka canza 4 da T3 a ɗakin haihuwa da na tiyata. Tun daga ranar ban sake sa hannu a kan kaya ba sai na ɗauki hoton allon jikin injin, na duba lambarsa, kuma babu kilim ɗin da aka sake dawo mana da shi saboda zafi.

Sauran abubuwan da na koya ba su da tsawo. Kada ku kunna wutar walda kusa da kilim masu gas ɗin R290 ko R32 ba ku kwashe gas ɗin ba, suna kamawa. In an kawo muku masu R22 da araha, ku tuna ana kan janye shi daga kasuwa ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987. In kuma aka matsa muku ku karɓi abin da ba ku yarda da shi ba, ku rubuta dalilinku a littafin, kusa da sa hannunku, da biron da ba ya gogewa.

Yaron da ya gaje ni na kai shi sito kafin in fita, na sa ya durƙusa ya nemo mini ajin injin guda uku da kansa. Biyu ya samu nan da nan. Na ukun an manna takardar farashi a kan wurin, sai da ya ɓanɓare ta da farce.