Yau lilo ne ya koyar da darasin

Wallahi yau na ji daɗin aikin malanta. Shekara uku ina koyar da kimiyya a aji biyar, kullum allo da alli, in rubuta su kwafa su haddace, jarrabawa na wucewa shi ke nan an manta. To yau dai na ce kowa ya fito waje.

Akwai lilon igiya a jikin dalbejiyar bayan ajinmu, tsawonsa wajen mita 2. Na ce wa zai fi saurin kai da komo, babba ko ƙarami? Duk suka ce ƙarami mana malam, ai ba shi da nauyi. Ni kaina sai da gabana ya ɗan faɗi, duk da na karanta tun ina NCE cewa nauyi ba ruwansa a nan, amma ban taɓa gwadawa da hannuna ba. Muka ɗora wanda ya fi kowa jiki, aka tura shi a hankali, na kunna agogon wayata, kai da komo goma ya ci kusan sakan 28. Muka ɗora wata 'yar firit, ita ma 28 ɗin! Sai ihu, har hedimasta ya leƙo ta taga. Da muka naɗe igiyar ta koma mita 1 sai ga sakan 20, ashe tsawon igiya ne ke magana, abin da Galileo, wani masanin kimiyya ɗan Italiya, ya lura da shi tun sama da shekara 400.

Sai wata ta ce malam to me ya sa lilon ke tsayawa da kansa in ba a tura ba? Ina buɗe baki aka kaɗa ƙararrawa. Gobe da tambayarta za mu fara insha Allahu, zan zo da ƙwallo mu gangara ta a yashi da kan siminti.