Ranar da na ce jirgi zai iya sauka a Jupita

A shekarata ta biyu da fara koyar da kimiyya a sakandare, muna kan darasin duniyoyin da ke kewaya rana, wata yarinya daga bencin baya ta ɗaga hannu. "Malam, tunda an sauka a wata, an sauka a Mas, me ya hana a sauka a Jupita, ga ta ta fi kowa girma?" Na ce mata nisa ne kawai da tsadar tafiya. Da alli a hannu na faɗa, har ina gyaɗa kai kamar wanda ya je ya dawo.

Da daddare zuciyata ta ƙi kwanciya, na koma bincike. Ashe Jupita ba ta da doron ƙasa da za a taka. Iskar haidurojin ce da hiliyam, kana nitsewa tana ƙara kauri da zafi, a hankali ta zama ruwa-ruwa ba tare da wata iyaka ba. Can ciki matsi kan mayar da haidurojin ya zama kamar narkakken ƙarfe.

An ma gwada. Ranar 7 ga Disamba 1995, wata na'ura da kumbon Galileo na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya saki ta faɗa cikin Jupita da gudun kusan kilomita 47 a daƙiƙa ɗaya. Lemarta ta buɗe, ta yi kusan minti 58 tana aiko da bayanai, zafi ya haura digiri 150 a ma'aunin Celsius, matsi ya ninka matsin iskar bakin tekunmu sau 22, sai shiru. Ba ta ci karo da komai ba, zafi da matsi ne suka cinye ta. Haka wani kumbo mai suna Cassini ya ƙare a cikin duniyar Satan, wadda ita ma iska ce, a 2017, alhali na'urar Huygens da ya ɗauko ta sauka lafiya a Titan, wani wata da ke kewaya Satan, a 2005, don can akwai ƙasa.

Washegari na shiga aji na ce, "Jiya na ba ku amsar da ba daidai ba." Wallahi furta hakan ya fi min binciken wahala. Na kawo musu misali da kunun da ya kwana: sama tsararo, ƙasa kauri, cokali na ta nitsewa.

Yarinyar nan ta sake ɗaga hannu. "Amma Malam, ai kwanon kunu yana da gindi." Na ce ta ba ni zuwa Litinin.