Daƙiƙa goma kacal

Zafin Sakkwato yau sai a hankali, fanka ma iska mai zafi take hurawa. Koko da ƙosai a Mabera, sai ofis.

Da hantsi Oga ya tura sabon gyara a manhajarmu, ma'aikacin bayan fagen nan, wato shirin kwamfuta mai aika wa iyayen yara saƙon kuɗin makaranta shina tsakiyar aiki aka kashe shi aka tada, da ya tashi sai ya koma ya faro daga farko, iyaye da yawa sunka samu saƙon bashi sau biyu. Oga ya ce mani ai ƙaramin abu ne, mu riƙa tura gyara bayan isha'i kawai. Na ce ranka ya daɗe ba lokaci ne matsalar ba, yadda shike mutuwa ne. Docker, manhajar da ake gudanar da shirye-shirye a cikinta, in zai tsayar da abu siginar SIGTERM yake fara turawa, wato gargaɗin a rufe, ya jira daƙiƙa 10, sannan SIGKILL mai kashewa nan take, shi kuwa wannan babu mai tare shi. Kubernetes, wata manhajar mai kula da irin waɗannan shirye-shirye, daƙiƙa 30 yake bayarwa. Ma'aikacin namu ko kunne bai kasa wa siginar farkon ba. Na nuna mashi add_signal_handler na asyncio, hanyar sauraron sigina a yaren kwamfuta na Python, da siginar ta shigo ma'aikacin ya daina ɗaukar sabon aiki daga layi, ya jira na hannunsa su ƙare amma da wa'adi ƙasa da goman nan, wanda bai ƙare ba a soke shi a mai da shi layi. Kuma tun Python 3.8 CancelledError, alamar an soke aiki, ba ya faɗawa cikin except Exception mai kama kurakurai, don haka rufe haɗi a finally ya kamata ya zauna, sashen da ke gudana ko an samu kuskure ko ba a samu ba.

Ya ce to shi ke nan ko? Na ce da saura, ɗauke wuta ba ta sallama. Dole kowane saƙo ya samu lambarsa a rumbun bayanai, a duba kafin a aika. Ya yi shiru, ya ce sai mako mai zuwa.

Wannan "mako mai zuwa" ɗin ne ya tsaya mani a rai har magariba. Wata uwa ta kira tana ba da haƙuri murya na rawa, wallahi ba ta manta ba, gero take jira ta sayar. Ta ɗauka matsa mata muke yi.

Inna ta dama fura, ban iya sha ba. Gobe da safe zan sake tuntuɓar Oga kafin ya zauna.